Inda Taswira Ta Ce Fili Ne

Dakta, masanin da aka ɗauko mana, ya ce babu bishiyar da bai san tsawonta ba a dajin nan, har wadda ta tsiro jiya. A ofishinmu na gandun daji ya faɗa, ranar Litinin, yana nuna allo da biro. Dajin kuwa ƙafarsa ba ta taɓa taka shi ba. Ɗan jirginsa marar matuƙi ya tura ya yi shawagi, kwamfuta ta haifo taswira mai kala-kala.

Ya yi awa guda yana bayanin abin da Innata ta sani tun kafin a yaye shi: inda bishiyoyi suka yi tsawo, gobara kan hau sama, ta bi rassa, iska ta kwashi tartsatsi ta zuba a kan rufin mutane. Saboda haka kafin rani za a share layi mai faɗi don tare wuta. Katafila ɗaya muke da ita, layi ɗaya za ta share. Taswira ta ce a yi gabas. Yamma, inda unguwarmu ta manne da daji, gidan Inna ne ma na ƙarshe, a taswira fari fat. Wai fili ne.

Ni mai buga takardu ce. Awon bishiya ni na koya wa kaina, daga wani tsohon littafi da ake tokare taga da shi. Sanda a hannu, ka ja baya, ka ƙirga taku. Na ɗaga hannu.

"Dakta, bayan gidanmu akwai masu mita ashirin."

"Da me kika auna?"

"Da sanda."

Ya yi dariya har da riƙe tebur. "Oga, ashe kuna da injiniya kuka ɓoye ta a bayan firinta? Ƙanwata, wannan kimiyya ce. Ba ta ƙarya."

"To gidan uwata ne zai ƙone, ba kimiyya ba."

Oga ya ce in yi shiru. Ban yi ba. Ranar Talata na tare shi a ƙofa, ranar Laraba na bi shi har mota. Ranar Alhamis ya ce, "Ke, kin ishe ni! Mu je mu gani, ko na huta."

Da azahar muka isa, har da Dakta, rana kamar ta dafa mutum. Inna ta leƙo ta katanga.

"Su ne za su share mana?"

"Su ne suka ce ba ku da abin ƙonewa, Inna."

Dakta ya fito yana fifita da hula, ya yi sauri ya nemi wuri ya tsaya. Ya kunna kwamfutarsa ta hannu, ya kira Oga.

"Ranka ya daɗe, ka ga ɗigon nan? Mu ne nan, daidai inda muke tsaye. Karanta tsawon bishiya."

Oga ya gyara tabarau. "Sifili."

"Sifili! Lamba ba ta san son kai ba."

 

Oga ya cire tabarau, ya ɗaga kai sama, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ciro waya ya ce wa direban katafila gobe ya kawo ta yamma.

"Amma ranka ya daɗe, taswira…"

"Dakta," in ji Oga, "inuwar me ka fake a ciki?"