Takunkumin Alacrán Pinto

Tun da asuba Nazario ya kasa cin komai. Uwarsa, Doña Herminia, ta ajiye masa wake da tortiya, wainar masara, a tebur, ya zauna yana jujjuya su da cokali. Ita kuwa ranta fes, tana goge takalminta na zuwa coci.

"Yau ranar ce, ɗana," in ji ta. "Yau za a tuɓe wa wannan la'anannen fuska. In ga uwar da ta haife shi, in yi mata jaje."

"Wataƙila shi zai ci, Mama."

"Ya ci me? Kai dai tafi gidan burodinka. Ba ka san kokawa ba."

La'anannen da take nufi shi ne Alacrán Pinto, mugun ɗan kokawar da duk garin Apizaco ke zagi ranar Lahadi. Kuma shi ne Nazario. Ranar da aka binne ubansa, wanda ya karye a wuya a cikin fage, uwar ta sa shi ya dafa akwatin gawar ya rantse ba zai taɓa kokawa ba. Ya rantse. Daga baya jini ya ja shi. Ya ce mata ya samu aikin Lahadi a gidan burodi, ya ɗinka takunkumi baƙi mai ɗigon ja, ya shiga layin miyagu, don ya san ba za ta taɓa neman ɗanta a cikinsu ba. Ita kuma ba ta daina zuwa kallo ba. Kujerarta tana layin gaba, jakarta cike da ɓawon lemu, kuma hannunta ba ya kuskure wajen jifa.

Yau karawar takunkumi da takunkumi ce, shi da Lucero del Valle, gwanin jama'a. Wanda ya faɗi zai cire nasa a gaban kowa, ya faɗi sunansa na gaskiya da garinsu. Nazario ya san wa zai faɗi. Tun makon jiya masu shirya wasan suka yanke cewa shi ne.

A ɗakin shiri Lucero ya same shi zaune, yana ɗaure igiyar takunkumi yana kwancewa.

"Kai, mutumina, duk ka rikice. Sai ka ce wanda zai je neman aure."

"Mama tana layin gaba."

"To ai kullum tana layin gaba. Da ka gaya mata da safe mana, sakarai."

"Na buɗe baki sau nawa, maganar ta ƙi fita."

Lucero ya dafa kafaɗarsa. "Zan saukar da kai a hankali. Saukar da za ta yi maka ce ban da iko da ita."

Rana na shigowa ta ramukan kwanon rufi lokacin da aka kira su. Nazario ya yi duk abin da ya saba. Ya ja Lucero a kan igiyar fage, ya tsokane masa ido a bayan alƙalin wasa, ya juya wa jama'a baya yana kaɗa ƙugu. Amma kunnensa murya ɗaya yake ji.

"Karya shi, Lucero! Karya masa wuya, ɗan albarka!"

Ɓawon lemu ya same shi a ƙeya. A zagaye na uku, na ƙarshe, Lucero ya taso daga saman igiya ya danne shi, alƙali ya buga ƙasa sau uku, wurin ya ɗauki ihu.

Ya durƙusa a tsakiyar fage, gira na zubar da jini ta cikin yadi. Mai sanarwa ya miƙo masa makirufo, ya tambaye shi, kamar yadda aka saba, ko akwai wani nasa da yake so ya kwance masa igiyar. Nazario ya yi niyyar cewa babu. Sai ya ga cewa in ya cire da kansa, daga nesa za ta gani, tare da dubban idanu.

"Matar can," ya ce. "Mai jakar lemu."

Aka fashe da dariya. Doña Herminia ta miƙe tana gyara mayafi, ta ɗauka girmamawa ce ga babbar abokiyar gaba. Aka tallafa mata ta hau.

"Sunkuyo, ɗan banza," ta ce, ta kama igiyar a ƙeyarsa.

Sai hannunta ya tsaya. Ƙarƙashin ƙullin akwai ɗan tabon ƙunar da ya samu yana rarrafe, ranar da tukunyar atole, kunun masara, ta kife. Ya ji yatsanta a kai, yana sanyi. Ta daɗe haka. Jama'a suka fara fito da baki. Sannan ta kwance, a hankali, rami bayan rami, ta zare takunkumin.

"Nazario Cuatepotzo," ya ce a makirufo. "Daga nan Apizaco."

Bai ɗaga ido ba. Marin ya zo, har na baya suka ji. Bayan marin kuma ƙyallen hannunta ya zo, ta danne girar da shi.

"Na ce ya karya maka wuya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Da bakina na ce."

"Mama, ki yafe mini."

"Yi mini shiru."

Lucero ya matso, ya ce ta riƙe takunkumin in tana so. Ta harare shi, ta tura masa a ƙirji.

"Ka ci, naka ne. Mijina ɗan kokawa ne, na san ƙa'ida. Amma gwiwar nan da ka sa masa a haƙarƙari, na gani."

Ta riƙo hannun Nazario suka sauka, suka bi ta tsakiyar jama'a, iska na taɓa fuskarsa a wurin da bai saba ba. Ba ta sake shi ba har bakin titi. A nan ta tsaya ta leƙa cikin jakarta, rabinta cike da ɓawo.

"Ubanka aƙalla na kirki ne a fage," ta ce. "Kai sai ka zaɓi mugu. Wuce mu je gida, waken nan na safe yana nan yana jiran ka."