Sauna Mai Kujera Biyu

Tukunyar surace ce ta ƙona Baba Kalibu. Ya lulluɓa da bargo a kan ganyen darbejiya mai tafasa, ya zo tashi gwiwa ta ƙi, ruwan ya kwarare masa a ƙauri. 'Yarsa Dorcas ta wanke ƙunar, ta ɗaure, sannan ta ɗauki tukunyar ta kife a bayan ɗaki.

"Ka gama da wannan, Baba," in ji ta.

Bara Dorcas ta dawo Mubi daga Finland, inda ta yi karatun gashin ƙashi. Ta tarar da uban yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Sanyin ƙashi ne. Da rani yakan lallaɓa, amma da damina ta sauka, sanyi ya gangaro daga duwatsu, sai gwiwoyin su kulle. Gonarsa kuwa tana ƙauyen Duvu. Ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa idan shukar bana ta same shi a kujera, zai bar wa 'yan haya gonar. Dorcas ta san tsoffin garinsu. Wanda ya ajiye fartanya ba ya daɗewa.

Zafi yake so, kuma zafin yana yi masa amfani. Abin da ta rasa shi ne zafin da babu tafasasshen ruwa a ciki. Ta san akwai shi, don ta zauna a cikinsa a can: sauna mai fitilun infrared, waɗanda ke dumama jiki kai tsaye, ba tururi, ba wuta. Likitan da ke duba hawan jininsa ya yarda, muddin zaman gajere ne kuma ya sha ruwa.

Iri uku ta gani a waya. Akwai bargo da ake shiga kamar buhu, wanda mai ciwon gwiwa ba zai iya fita daga ciki ba. Akwai tanti na mutum ɗaya, a zauna a ciki, kai a waje. Akwai kuma ɗan ɗakin katako mai benci da ƙofar gilashi. Joel, ɗan kawunta mai haɗa sola, ya dubi batiran gidan ya ce tantin kaɗai za su iya ɗauka. Ta tsayar da magana a kan tanti.

Washegari da hantsi Alhaji Rufa'i ya zo duba ƙafa. Mai sayar da yadi ne a kasuwa, kakanninsa daga Katsina suka zo, kuma shi da Baba Kalibu sun tsufa suna tsokanar juna.

"Mutumin dutse, ka dafa kanka ka huta?"

"Na huta. Dorcas ya ce zai sayo mini sauna."

Alhaji ya ajiye kofin shayi. "Za ta sayo maka me?"

"Sauna."

Dariya ta kama Alhaji har ya dafe ƙugu. "Kalibu, tun kafin a haifi yarinyar nan kake jin Hausa, ba ka san sauna ba? Sauna ai shi ne wawa. Sakarai. Wanda za a aika sayen gishiri ya dawo da toka. Likita, nuna mini shi in gaishe shi."

Dorcas ta miƙa masa wayar. Wani Bature ne zaune cikin tanti, kansa kaɗai a waje, yana murmushi.

"To ai ga shi nan! Kamar zakaran da aka ɗaure a buhu za a kai kasuwa. Wallahi ranar da ka shiga, da kujerata zan zo kallo."

Baba Kalibu bai yi dariya ba. Hausa ba harshen uwarsa ba ce, kuma ba ya son a kama shi a cikinta. Ya karɓi wayar, ya dubi hoton, ya mayar.

"Ba zan shiga ba."

Kafin Lahadi magana ta zaga. A bakin coci wani ya tambaye shi ko saunan ya iso lafiya. Mai ƙosan unguwa ma ta tambaya. Dorcas ta gwada canja suna, ta ce masa surace ne marar ruwa. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya ji sunan farko. Ta ce kalmar ta wata ƙasa ce, haɗuwa kawai suka yi. Ya ce to su haɗu a wani gida.

Ba ta roƙe shi ba. Ba ta iya roƙo ba, kuma ta san ba ya ci a wurinsa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, masu gona a Duvu suna ta sharar fili.

Abu ɗaya ta riƙe daga ranar dariyar: yadda Alhaji ya dafe ƙugu, da yadda ya kama bango kafin ya miƙe. Ta same shi a shago da azahar, ya idar da salla a kan kujerar roba. Ta jira ya shafa.

"Baba Alhaji, yaushe rabonka da kai goshi ƙasa?"

Ya dube ta. "Ke da ba kya salla, ina ruwanki?"

"Bayan ne ruwana."

Ya kawar da kai ya ce, "An kwana biyu."

"Ba zan ce zai warkar da kai ba. Zai sassauta, in ka haɗa da motsa jikin da zan nuna maka. Amma ba don kai kaɗai na zo ba. Da bakinka ka ɗaure Baba. Kai za ka kwance shi."

"Wasa fa nake yi, 'yata."

"Na sani. Gonar ce ba ta sani ba."

Alhaji ya ja carbi. "In shiga buhun nan, 'yan kasuwa su ji?"

"Ba buhu. Na fasa."

Daga nan ta kira Joel ta ce ɗakin katako za a saya, mai zaman mutum biyu. Ya ce batiran ba za su ɗauka ba. Ta ce a ƙara farantin sola a kan rufi, a riƙa kunnawa da rana tsaka, a kashe firij lokacin. Ya ce mutane za su ce ta haukace, sayen zafi a Mubi. Ta ce sun riga sun faɗi wanda ya fi wannan.

Kayan suka iso a kwalaye ta Yola, ranar da aka yi ruwan farko. Joel da kafinta suka haɗa a baranda. Baba Kalibu yana kujerarsa, ya juya musu ƙeya.

Sai ga Alhaji Rufa'i da tawul a kafaɗa. Ya tuɓe babbar riga, ya rage daga shi sai singileti da wando, ya sha ruwan da Dorcas ta ba shi, ya shiga ya zauna. Fitilun suka yi ja. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

Baba Kalibu ya juyo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo sanda, ya tako har bakin gilashin, ya ƙwanƙwasa.

"Alhaji, wannan da na gani a ciki, me ake kiransa da Hausar Katsina?"

"Shigo in faɗa maka. Akwai wuri."

"Sauna cikin sauna."

"Na ji. Shigo mu zama biyu, ka rufe mana ƙofa, zafi na fita."

Baba Kalibu ya miƙa wa Dorcas sandar. Ta karɓa, ta ba shi kofin ruwa.

Gwiwoyin ba su warke ba. Sun dai riƙa lanƙwasuwa da safe, kuma ya daina yi mata gardamar motsa jiki, tunda Alhaji na yi. Ranar shuka ya hau bayan babur ɗin Joel, fartanya a kafaɗa, irin masara a cinya. Dorcas ta ce kada ya wuce azahar.

"Ka gaya wa wancan saunan ya jira ni," ya ce mata. "Kada ya kunna sai na dawo."