Karan Farko

A ina zunubin ganye yake zama? A jikin ganyen, ko a hannun wanda ya shuka shi, ko a takardar da hukuma ba ta buga wa hatimi ba? Ni dai ban sani ba. Ayashi ma bai sani ba, duk da ya yi shekara arba'in da biyu yana noman wiwi a kan duwatsun Bab Barrad. Da safiyar da ake magana yana tsugune a tsakiyar gonarsa, yana murza kan wani tsiro tsakanin yatsu biyu yana kaiwa hanci.

"Bai nuna ba," ya ce, bai ko waiwayo ba.

'Yarsa Zuhur na tsaye a bayansa, hannu a ƙugu. Ta sake maimaita masa abin da ta faɗa jiya da shekaranjiya. Yaron awo na ƙungiyar manoma ya ɗebi ganyen ya kai ɗakin gwaji, ya dawo ya ce sinadarin da ke bugarwa yana hawa kullum, ya kusa kaiwa ɗaya cikin ɗari, iyakar da doka ta yarda. Gobe masu binciken hukuma za su zo. In suka tarar ya haura, a gabansu za a tara amfanin gonar duka a cinna masa wuta, lasisin ma sai abin da Allah ya yi. Ko a yanke yau, ko a yi asarar shekara.

Ayashi ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ce yaron da aka haifa jiya ba zai koya masa nunar wiwi ba. Ƙaron da ke kan furen har yanzu fari ne kamar madara, sai ya koma launin zuma ake sa lauje. Haka ubansa ya koya masa, da mari ma ya koya masa, ranar da ya yanke wani layi ɗanye yana ɗan shekara goma sha huɗu. Tun daga ranar bai sake ba. Duk tsaunin nan an san kayan Ayashi da haƙuri, don shi ne mutum na ƙarshe da ke yanka a kowace kaka.

Abin da Ayashi ya kasa haɗiyewa shi ne, gonar ba ta ƙara neman haƙurinsa. Shekara biyu ke nan da aka yi wa manoma irinsa afuwa, aka ba su izinin noma na magani. Zuhur ce ta yi ta safa da marwa da takardu har lasisi ya fito da sunansa, ƙungiya ta kawo sabon iri, wanda aka ce ko tsohuwa ta zuƙa ba abin da za ta ji. Ayashi ya sa hannu don kada a ce ya tsaya wa 'yarsa a hanya, amma a gida "ciyawar akuya" yake ce masa. Wiwin da ba ya juya kai, a ganinsa, kamar wuƙa ce da ba ta yanka.

A gindin ɓauren bakin gona mata huɗu na zaune da laujensu, sun kwana uku suna zuwa suna komawa. A ƙauyen ba a sa lauje a gonar mutum sai shi da kansa ya yanke karan farko, ko da 'yarsa ce ta yi noman. Mannana, wadda suka yi kiwon awaki tare tun suna yara, ta ɗaga kofin shayinta.

"Si Ayashi, mu dai shayinka ya yi mana daɗi. In ka ga dama ka kai mu har Ramadan."

"Ki sha, ai abin da kika iya ke nan tun kina da haƙora."

"Da haƙoran nawa da hankalinka rana ɗaya suka zube."

Matan suka yi dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa, amma bai taɓa laujen da Zuhur ta rataya masa a reshe ba. Sai Zuhur ta bar maganar. Ta ce yau ce ranar ganin likitar 'yarta Nuhaila a birnin Tituwan, ita kuwa ba za ta iya barin gona ba, ko motar ƙungiya za ta zo. Ya taimaka ya kai yarinyar. Ta damƙa masa wata jaka da kalandar bango a naɗe.

Nuhaila shekararta bakwai, ita kaɗai ce jikarsa. Tun tana 'yar shekara ɗaya farfaɗiya ke kayar da ita, wata rana sau biyar, wata rana har ba a iya ƙirgawa. An sha rubutu, an je kabarin waliyyi an yanka baƙin zakara, an canza magungunan asibiti kala uku. Ayashi bai taɓa gaya wa kowa ba, amma a ransa ya daɗe da yanke hukunci cewa alhakin gonar ne ya tsallake shi ya faɗa kan yarinyar. 'Ya'yan mutane nawa kayansa suka lalata a biranen da bai taɓa gani ba? Ya san abin da yake yi tun farko. Shi ya sa a shekara arba'in da biyu bai taɓa yin bisimilla a kan lauje ba. Yana yi in zai ci bisara, faten wakensu, yana yi in zai hau jaki, amma in ya shiga gonar sai ya rufe bakinsa, don yana jin kunyar shigar da sunan Allah cikinta.

Suka sami tasi a bakin titi, su shida a matse. Nuhaila ta zauna a cinyarsa tana ƙirga itatuwan zaitun, in ta kai ashirin ta koma farko. A shingen jandarmomi sai ya ji ya sunkuyar da kai ya ja hular jallabiyarsa. Shekara goma sha tara sunansa na cikin waɗanda ake nema, ko kasuwar Talata bai sauka ba, har jana'izar ƙanwarsa daga nesa ya yi ta. Jandarman ya leƙo, ya dubi katinsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, Alhaji.

"Kaka, me ka ɓoye a hula?" in ji Nuhaila.

"Sanƙo."

"Ai kowa ya riga ya gani."

Likitar, Dakta Bushra, mace ce siririya mai tabarau, harshenta na mutanen dutse ne. Ta auna yarinyar, ta sa ta tafiya a kan layi, ta duba takardar gwajin hanta ta ce lafiya. Sannan ta warware kalandar a kan tebur. Ayashi bai iya karatu ba, amma wannan ba ya bukatar karatu. Watannin farko baƙi ƙirin suke da alamomin biro, Zuhur na jan ɗaya duk faɗuwar yarinyar. Daga tsakiyar bazara suka fara ragewa. Shafin ƙarshe da rabin wanda ke gabansa fari fat.

"Kwana arba'in da ɗaya ba ta faɗi ba," in ji likitar.

Ya san yarinyar ta sami sauƙi, gida ɗaya suke. Amma bai taɓa ganin sauƙin a shimfiɗe haka ba. Ya sa yatsa a kan farin shafin, ya daɗe bai ɗauke ba.

Daga cikin jakar likitar ta zaro wata 'yar kwalba, irin wadda yake ganin Zuhur na ɗiga wa yarinyar safe da yamma. Sau da yawa an gaya masa daga wiwi ake yin ta, yana ɗauka zancen ƙungiya ne don a lallashe shi. Ta buɗe ta miƙa masa. An sa wani ƙamshin 'ya'yan itace don yara, amma a ƙarƙashinsa, can nesa, hancinsa ya tsinci abin da ba zai taɓa ɓace masa ba.

Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai ba da labarin dangi. Ta ce a cikin furen akwai 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya shi ne mai juya kai, wanda ya sani sarai. Ɗayan, kanabidayol, da ake taƙaitawa CBD, ba ya bugarwa ko kaɗan, shi ne yake kwantar da wutar da ke tashi a ƙwaƙwalwar wasu yara. Tsohon irinsu an yi ta zaɓensa don na farkon ya yi yawa, sabon irin kuwa don na biyun. Ta kuma ce kada ya ɗauka waraka ce. Ba kowane yaro yake karɓa ba, ba ya hana shan sauran magungunan, kuma ba abu ne da za a dafa a gida a ba yaro da cokali ba. Nuhaila ta dace ne, a gode wa Allah.

Ayashi ya juya kwalbar a tafinsa. Ya tambaya ko wannan daga gonakinsu ne. Ta ce a'a, daga ƙasar waje ake kawo ta, shi ya sa take da tsada. Abin da suke nomawa wataƙila ya ƙare a kwalbar ɗan wani, wanda ba za su taɓa sanin sunansa ba.

Ɗan wani. Shekara arba'in da biyu ma 'ya'yan wasu yake yi wa noma.

"Lalla," ya ce, yadda ake kiran mace da girmamawa a wajensu, "in aka bar tsiron ya nuna sosai fa? Har ƙaron ya koma zuma?"

Ta cire tabarau ta dube shi. "Baba, da wane hanci kake jiran nunar?"

"Da nawa."

"To naka an horar da shi ne ya jira mai juya kai. Abin da kake jira ya cika, shi ne abin da ba na so ya shiga jikin wannan yarinyar."

Nuhaila na gefe tana zana akuya a bayan wata takarda, ta ba ta ƙafa biyar.

Ko Zuhur ce ta kira likitar tun kafin su iso, bai tambaya ba, har yau kuma bai tambaya ba. A tasha yarinyar ta ce sai an saya mata gyaɗa mai sukari, ya saya na dirhami biyar, ya ƙi zama cin abinci. Ya shiga tasin da ta fara cika. A hanya ta yi barci a ƙirjinsa, barci na gaske, bakinta a buɗe, hannunta ɗaya a cikin gemunsa. A da in ta yi shiru haka gabansa faɗuwa yake. Ya zauna bai motsa ba har kafaɗarsa ta mutu, yana ta juya abu ɗaya. Ya yi imani gonar ce ta kayar da ita. Yanzu ga shi ɗan'uwan abin da ke gonar ne ya tashe ta. In na farkon hukunci ne, na biyun mene ne? Godiya dai ta cika masa ƙirji, bai san ma ta ina zai fara ba: likitar, ko 'yarsa mai taurin kai irin nasa, ko wani manomi a wata ƙasa da ya yanke gonarsa a kan kari saboda jikar mutumin da bai sani ba.

Bayan la'asar suka iso. Matan na naɗe tabarmarsu, Mannana ta riga ta ɗaure laujenta a zani. Zuhur ta karɓi yarinyar, ta dubi fuskar ubanta.

"An dawo, mai gona?" in ji Mannana. "Gobe ma a dafa shayi da yawa, akwai baƙi masu ashana."

Ya wuce gindin ɓauren, ya sauke laujen daga reshe, ya gwada kaifinsa a babban yatsa. Ya shiga layin farko ya kama wani kara. Furen ya manne masa a tafi, ƙaronsa fari, ɗanye, irin wanda ya sha mari a kansa. Hancinsa na ce masa saura kwana goma. Ya ji kuncinsa na hagu ya yi zafi kamar jiya abin ya faru.

Matan suka tsaya cak. Ya sunkuya, ya ɗora bakin laujen a gindin karan, ya ɗan dakata, kamar mai neman wata kalma da ya ajiye tuntuni.

"Bismillahi," ya ce, ya ja.

Mannana ta dubi Zuhur, Zuhur ta dubi ƙasa. Sai tsohuwar ta kwance laujenta, ta ɗaure ɗamara, ta shiga layi na biyu.