Dusar Shekarar Auren Kawu Pavia

Duk taron shan kofi a ƙauyenmu na Girinland, sai Kawu Pavia ya kawo labarin shekarar aurensa: wai dusar ƙanƙara ta binne gidaje, shi kaɗai ya tono mutane da shebur. Mun ji har mun ƙosa.

Sai 'yar ƙanwarsa Ivalu ta dawo daga jami'a, tana yanko wasu 'yan itatuwa masu rarrafe kan duwatsu tana ƙirga zobban cikinsu, kowane zobe shekara guda. In dusa ta yi yawa ta makara narkewa, zoben yakan fito siriri.

"Kawu," ta ce a gaban kowa, "zoben shekarar aurenka fa ya fi duka kauri. Dusar ko gwiwa ba ta kai ba."

Ya yatsina fuska. "Ke yarinya, itacen da karnukana ke yi wa fitsari ne zai ƙaryata ni?"

"Shi dai yana waje," in ji matarsa Arnaq. "Kai kana kwance, wai ciwon baya."

Yanzu baƙin da jirgin ruwa ke saukewa kawai yake tarewa da labarin.