Kunnen Usta Abdulmuttalib

Daga Sinja har Abu Na'ama, duk mai boksi, wato motar a-kori-kura, a ƙauyukan bakin kogi ya san Usta Abdulmuttalib. Shekara talatin yana saita wutar inji da kunne kawai. Ya kan karkata kai ya saurara, ya ɗan murɗa mai raba wuta, shi ke nan.

Lokacin yankan ridi, boksin Jibril, ɗan ƙanwarsa, ya yi zafi har kan injin ya lanƙwashe. Aka kai Sinja aka kankare shi ya daidaita. Da aka dawo da shi, Usta ya shafa ƙarfen da yatsa.

"Sun ci shi da yawa," in ji shi. "Ɗakin da man banzin ke kama wuta ya ƙuntata, matsi zai ƙaru. In wuta ta zo da wuri, inji zai riƙa ƙwanƙwasa. Sai an ja ta baya kaɗan."

Ya ɗaura, ya saita. Suka fita gwaji, Jibril na tuƙi. Da suka fara hawan gangaren kogi, Jibril ya rage gudu.

"Kawu, kamar tsakuwa cikin gwangwani nike ji."

Usta ya karkata kai. Inji na tafiya sumul a kunnensa.

"Ba komi. Taka."

"Wallahi akwai, Kawu."

"Yaushe ka koyi gyaran inji? Na ce ka taka."

Jibril ya taka.

Kwana huɗu bayan nan, da azahar, tarakta ta jawo boksin har ƙofar gida, buhunan ridi na bisa. Usta ya buɗe injin a gaban jama'a. Fistan na uku ya huje, bakin ramin ya narke kamar kitse. Ya san abin da ke yin haka. Kwana huɗu injin na ƙwanƙwasa, kuma shi da hannunsa ya bar wutar a gaba.

Ya shiga gida bai wanke hannu ba. Matarsa Hauwa tana tuyar kisra a bakin murhu. Ya tsaya yana kallonta, sai ya lura cewa mai yana tsalle a kan ƙarfen, amma ba ya jin ƙararsa.

"Hauwa, tun yaushe kuke ɗaga mini murya?"

Ta ajiye abin da ke hannunta, ta juyo sosai yadda zai ga bakinta.

"Damina biyu ke nan, Malam. Ɗanka Alhasan ya ce a hwaɗa maka, ni na hana."

 Sannan ya koma waje ya tsuguna, ya fara kwance sauran kusoshin. Mutane sun watse, saura Jibril. Daga bayansa Jibril ya ce, "Kawu, ƙaddara ce, kada ka sa a ranka."

Usta bai juyo ba. Jibril ya sake faɗa, ya jira. Daga baya ya tsuguna kusa da shi, ya riƙe masa tiren kusoshi.