Sai Mai Katin Ya Yi Magana

"Sai mai katin ya yi magana da bakinsa," in ji yarinyar bankin. "Ni kaina ba ni da ikon buɗewa, Mama."

Yaya, matar Mai Aski, ta juyo ta dube ni. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, shi ya sa na rako ta, amma ban fi ta sanin komai ba.

"'Yar nan, ai maganar ce ba ya iyawa," ta ce. "Ciwon a maƙogwaro yake. Shi ya fitar da shi ƙasar waje."

Mai Aski fa! Mutumin da maigidana kan ce in ka shiga shagonsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya ka ji labarin unguwa kaf. Kafin tafiyar, babu kan da ya taɓa bai tambayi mai shi ba: wane kati ke aiki a waje, wanne ne ba ya cin mutum wajen cire kuɗi? Kowa da nasa. A ƙarshe ya zaɓi guda, ya sayar da filinsa ya zuba kuɗin duka a ciki. Wai tsabar kuɗi ta ɓarawo ce, kati biyu kuma ruɗani. Duk masu shawarar nan babu wanda ya ce masa ya sanar da banki zai bar ƙasa. Ranar da babban ɗansa ya miƙa katin a asibiti don biyan kuɗin tiyata, bankin ya zaci sata ce, ya rufe.

Yarinyar ta ce a gwada kiran bidiyo. Ɗan ya ɗauka, ya juya wayar. Ga Mai Aski kan farin matashi, ya zabge, bututu a wuyansa.

"Baba, sunanka kawai za ka faɗa, da ranar haihuwarka."

Ya buɗe baki, iska ce ta fito. Ya sake yunƙurawa har jijiyoyin goshinsa suka tashi. Sai ya ɗaga hannu ya nuna fuskarsa, ya nuna Yaya.

"Wallahi shi ne," na ce. "Tun ba a haife ki ba na san shi."

"Na yarda, Anti. Amma muryar ake naɗa."

Idonta ya ciko. Ta shiga wajen manaja, ta fito ta ce asibitin ya aiko da shaidar likita, mu dawo gobe. A hanya na so in zagi wani ko zuciyata ta yi sanyi, na rasa wa zan zaga.

Washegari shaidar ta iso. Muka koma bankin, muka karɓi lamba a bakin ƙofa, muka zauna kan kujerun ƙarfe. Wayar Yaya ta yi ƙara, ɗan ne daga asibitin. Ta daɗe tana saurare.

"To," ta ce. "To, ɗan nan. Kana kusa da shi lokacin?"

Ta yi salati a hankali, ta kife wayar a cinya. Na kama hannunta, sanyi ƙalau.

Allon da ke bango ya nuna lambarmu. Yarinyar ta hango mu, ta miƙe da murmushi tana yafito mu da hannu. Yaya ba ta motsa ba. Aka sake kiran lambar, sannan aka wuce ta gaba, wani mutum a gefenmu ya tashi yana gyara hularsa.