Rigar da Ta Kwana Garken Awaki

Tsoho Labbo, maharbin da ya rage a ƙauyensu kusa da Illela, ya shekara biyu bai ga sawun barewa ba. Ran da ya ga guda a gindin dutse, sai ya aika Konni a kira ɗansa Badamasi, ɗan kabu-kabu, wanda bai taɓa harbi ba. Gwiwa ce ta ƙare wa tsohon, Allah sarki, so yake bakan ubansa ya ci nama a hannun ɗansa kafin hawan dutse ya gagare shi.

"Barewa da hanci take gani," in ji shi. "Kai kuwa warin isansi kake, man babur ɗin nan. Rataye rigarka garken awaki kwana uku, iska ko ta juya, akuya za ta ji."

Bayan kwana uku, da hantsi suka rarrafa cikin duwatsu, ga barewa taki ashirin. Badamasi na jan tsirkiya, iska ta ɗan juya. Ta ɗaga kai, ta shaƙa, ta arce, shi ke nan.

Labbo ya sunsuni kafaɗar ɗansa, ya ji sabulu mai ƙamshin lemo.

"Ummusalma ta wanke ta jiya, Baba. Ta ce mijinta ba shi hita da wari cikin dangi."

Tsohon bai yi faɗa ba, ai surukar kirki ce. Ya zauna yana murza gwiwa, yana duban gangaren da ya san ba zai ƙara hawa ba. Washegari Badamasi ya hau babur ya koma Konni, baka ya koma jikin bango.